Abin da muka tsinta a hirar tururuwa

Jiya bayan la'asar mun zauna da ƴan ajinmu a Kofar Kaura kan darasin tururuwa, ga abin da aka ce mu riƙe kafin jarabawa. Ƙwan da maniyyi ya shiga mace yake zama, wanda bai shiga ba namiji, wato namiji gadon uwa kaɗai gare shi, kuma shi duka yake ba kowace ɗiyarsa, shi ya sa in ubansu ɗaya ƴan uwa mata ke tarayya da kashi 75 na ƙwayoyin gado. Amma ko macen ta zama sarauniya mai yin ƙwai ko ma'aikaciya, yawanci abinci da yanayi ne ke rabawa, sai dai wasu tururuwan hatsi na Amurka da gado ne ke yankewa. Malam ya ce don Allah kar a haɗa tururuwa da gara, ita ma'aikatanta maza da mata ne, nan nake ta faɗuwa wallahi.