Kafin alƙalamin lauya a Amurka: ina kuɗin ke zama?

Mai tambaya: Jama'a, in an ba lauya kafin alƙalami, ina ake ajiye shi, kuma ruwansa na wa ne?

Malam: Asusun amana ake zuba shi, ba asusun ofis ba. Ƙa'idar ABA (ƙungiyar lauyoyin Amurka) ta 1.15 ta ce sai ya yi aiki zai ciri ladansa. An ba shi dala 3,000, ya yi awa 4 a kan dala 250 kowace awa, dubu ɗaya kawai zai taɓa.

Hajiya: Haka ne, Malam. Ƙananan kuɗi kuma asusun IOLTA (asusun amana ɗaya da lauya ke haɗa kuɗin mutane da yawa a ciki) suke taruwa, ruwan ya tafi taimakon shari'a ga talakawa. Jihar Florida ce ta fara wannan tsarin a 1981. In suna da yawa kuma za su daɗe, asusu daban ake buɗewa, ruwan na mai kuɗin ne.

Alhaji: Matsalar ita ce lauya ya fitar da kuɗi daga asusun amanar kafin kuɗin cekin da aka ba shi su shiga. Nan an taɓa kuɗin wani ke nan, ko da ba da gangan ba.