Tafiya Kaduna washegarin Babbar Sallah daga gidan yawa

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Shawara nake nema. Ina so in je Kaduna wajen Inna washegarin Sallah, ni da yara uku, ƙaramar tana goye. Babansu ba zai samu zuwa ba. Wace tasha ta fi, kuma da wane lokaci ya kamata mu fita daga Gwammaja? Kun dai san gidanmu, mu facaloli huɗu ne ga Hajiya surukarmu, ga Yaya Babba zai zo daga Abuja da iyalinsa. Maigidan kaɗai ya sani tukuna.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Unguwa Uku. Kina sallame asuba ki fita.

Ummu Hanif: Ki biya kujera biyu ko uku, kada ki yarda a ce ki ɗora biyu a cinya ga goyo. Kusan kilomita 230 ne fa, ba Kura za ki ba.

Hajiya Mairo: Washegarin Sallah? A gidan yawa? To wa zai tsaya kan suyar?

Anti Rabi: Tasha ta tambaya, Hajiya.

Hajiya Mairo: Na ji abin da ta tambaya, Rabi. Amma ranar da ta zaɓa ita ce ranar aiki. Ranar Sallah kayan ciki kawai ake soyawa, nama yana rataye sai ya kwana ya tsane. Washegari ne ake sauke shi, a daddatsa, a fitar da na rabo, a wanke, a tafasa, a soya. Rago huɗu ko biyar a tsakar gida ɗaya, ga baƙi, sai a wayi gari a ga ƙofarta da kwaɗo? Maganar da za ta biyo baya sai ta kai wata Sallar.

Maman Sadik: Hajiya ni ma abin da ke damuna ke nan. Amma Inna ba ta da lafiya, kuma yayyena duk ranar za su haɗu, rana ta uku kowa ya watse saboda hutun kwana biyu ne.

Ummu Hanif: Allah Ya ba Inna lafiya.

Maman Ilham: Amin. Maman Sadik bari in ba ki nawa labarin, ki ɗauki abin da zai amfane ki. Babbar Sallar 2023 ce, wata guda da cire tallafin mai, kuɗin mota ya tashi, motocin ma sun yi ƙaranci. Ni ma Kaduna za ni. Aka ce ba inda za ni sai an sauke kaskon ƙarshe, don haka ban bar gida ba sai bayan azahar. Na iso bakin tasha jama'a ta cika maƙil, kowa da kayansa a ka, motar da ke lodi ta cika, ta bayanta ba ta zo ba. Sai ga wata Sharon a bakin titi, yaron motar yana ta kiran Kaduna Kawo, saura mutum ɗaya. Ashe saura mutum biyar ne. Muka yi ta zagaye tsakanin Na'ibawa da 'Yan Lemo yana neman fasinja har la'asar ta yi.

Kafin Kwanar Dangora taya ta fashe, safayar ma ba iska. Muka zauna gefen hanya, yara na kuka, hadari ya haɗo. Da muka isa Kwangila a Zariya sai direban ya kashe mota ya ce shi nan ya tsaya, zai juye mu a wata. Ba wanda za ka kai wa ƙara, tunda ba a tasha ya ɗauke mu ba, ba a rubuta sunan kowa ba, lambar motar ma ba wanda ya riƙe. Wadda aka juye mu a ciki akwai jarkar fetur a but, a kanta aka ɗora jakata. Ban sauka Kawo ba sai bayan isha'i, kuma naman da na soya wa mahaifiyata da hannuna duk ya ɗauki warin fetur, ko almajiri ba za ka iya ba.

Wannan na hanya ke nan. Da na dawo na tarar an buɗe min ɗaki, wai baƙin Legas sun yi yawa, uwar mijina ta ce a sauke su a nan. Ba buɗewar ce ta ƙona min rai ba, don ɗan uwan miji ba bare ba ne. Abin da na tarar ne. Katifar yara ta sha fitsari ba a ko fitar da ita rana ba, tukunyar gas babu komai, turaren wutan da aka kawo min daga Maiduguri an ƙarar, kwallar namana ta koma rabi. Wa zan tambaya? Kowa ya ce bai sani ba. Maigidan ya ce in yi haƙuri, 'yan uwa ne. Har yau ni da facalata gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Don haka shawarata biyu ce. Ki shiga mota a cikin tasha, inda za a rubuta sunanki da lambar wani naki, ko da za ki jira. Sannan mukullinki ki danƙa shi da hannunki ga mutum ɗaya, a gaban Hajiya, ki faɗi da bakinki cewa falo na baƙi ne in an buƙata, uwar ɗaki da sito kuwa kin kulle.

Ummu Hanif: Innalillahi. Sannu Maman Ilham.

Anti Rabi: Turaren Maiduguri fa! Wallahi wannan ya fi naman ciwo.

Zulai 'Yar Zazzau: Ina dai so a rubuta a ajiye, direban nan daga Kano ya taso. Mu a Zariya karɓar ku kawai muka yi.

Anti Rabi: Ji baiwarmu ta fito. A garinku aka sayar da su, ke kuma kina magana.

Zulai 'Yar Zazzau: Wa ya ga bawa da bakin kiran uwar ɗakinsa baiwa. Maman Sadik in kin zo Kwangila ki kira ni in miƙo wa yara ruwan sanyi, ki ƙyale Rabi.

Maman Afnan: Ku yi haƙuri, amma ni maganar baƙi ce ta tsaya min. Mu ne baƙin da ake faɗa. Duk Sallah daga Abuja muke tahowa, kuma ba hannu rabbana muke zuwa ba. Buhun shinkafa, jarkar mai, kuɗin man janareto, kayan yaran gida, duk da mu. Amma kina shiga kicin sai a ce ki bari kin sha hanya, kina fita a ce matar Abuja ba ta taɓa wanke-wanke. Ba mu da ɗaki a gidan, inda aka ce mu kwana nan muke kwana. In an buɗe mana ɗakin wata, laifinmu ne?

Maman Ilham: Ban ce laifinku ba ne. Amma wanda ya kwana a katifa ai ya san ta jiƙe.

Maman Afnan: Wannan gaskiya ne, ba zan kare shi ba. Ina dai cewa kada a haɗa mu duka a yi mana kuɗin goro.

Hajiya Mairo: Ku biyun duk kuna da gaskiya, kuma abu ɗaya ne ya cuce ku, ba a zauna an yi magana ba tun kafin Sallah. A gidanmu na Mandawari, tun ana saura sati biyu maza suke zama a soro su yi karo-karo: na itace da gawayi, na man gyaɗa, na mai ruwa, na mahauci. Mu kuma mu zauna a ɗakin tsohuwa mu raba. Wance tuwo da miyar taushe, wance waina, wance kai da ƙafa, wance zoɓo da kunun aya. Matar da ta zo daga nesa ma ana ba ta nata, ko da yankan albasa da raba nama a leda ne, don kada ta zauna a ce ta zauna. A wannan zaman ake faɗin inda kowane baƙo zai kwana. Samari soro, 'yan mata ɗakin tsohuwa, mai mata a ba shi ɗakin da mai shi ta yarda da bakinta.

Ummu Hanif: Ba kowane gida ke da irin tsohuwarku ba Hajiya.

Hajiya Mairo: Haka ne. Allah Ya jiƙanta.

Maman Afnan: Amin. Af, tunda ana maganar hanya, wa ta hau jirgin ƙasa kwanan nan? Muna tunanin mu hau daga Kubwa zuwa Rigasa, sai ƙanin maigidan ya ɗauko mu a mota.

Ummu Hanif: Ki sayi tikiti ta intanet da wuri, lokacin Sallah ba ya daɗewa yake ƙarewa. Kuma ki riƙe katin shaidarki a hannu. Ki zaɓi na safe don ku shigo Kano da rana.

Anti Rabi: Tun 2016 jirgin nan yake tsayawa a Rigasa. Allah Ya nuna mana ranar da zai ƙaraso Kano mu huta da Kwangila.

Zulai 'Yar Zazzau: Ko ya ƙaraso sai ya bi ta Zariya, ba ku da mafita.

Maman Nana: Salam, yanzu na shigo, ban karanta na sama duka ba. Za a yi hawa bana kuwa? Yaran ƙanwata za su zo daga Jos, tun azumi suke zancen Hawan Daushe.

Anti Rabi: Ki bari sai kin ji sanarwa a rediyo. Tun 2024 an sha dakatar da shi, kada ki yi wa yara alkawari.

Maman Nana: Kai, abin da ciwo. A ƙarshen 2024 ɗin nan UNESCO ta sa hawan Kano cikin al'adun duniya, amma yaranmu suna tasowa ba su san kalar lifidi ba. Duk saboda

Hajiya Mairo: Maman Nana, dokar zaure. Ba sarauta, ba siyasa.

Maman Nana: Na yi shiru Hajiya. To ina zan kai su?

Ummu Hanif: Gidan Zoo, amma ba ranar Sallah ko washegari da yamma ba, turmutsutsun ya yi yawa ga ƙananan yara. Ki je da hantsi, ki rubuta lambarki a takarda ki sa wa kowane yaro a aljihu. In manya ne ki kai su Gidan Makama su ga kayan tarihi, daga nan su hau Dala.

Anti Rabi: Dala da sabon takalmin Sallah? Ki sa musu silifas.

Anti Binta: Maman Sadik, na tambayi maigidan, tunda shi kullum yana kan hanyar nan. Ya ce washegarin Sallah da sassafe hanya ba cunkoso, amma mota tana jinkirin cika don yawancin direbobi ma suna gida wajen nama. In kin samu wasu matan masu zuwa Kaduna, ku haɗa kuɗi ku ɗauki shatar ƙaramar mota daga cikin tasha, ya fi miki sauƙi da yara. Ya ce ki tambayi direba tun kafin ki biya, Kawo zai sauke ki ko Zariya zai tsaya, a gaban 'yan kamasho. In kuma kika ɗaga zuwa rana ta uku, to in ana hawa ranar Hawan Nasarawa ce, da safe ake yi, ki wuce Ƙofar Nasarawa ki kai Dangi tun kafin dawaki su fito. Nama kuma ki bar shi ya huce sarai kafin ki rufe, ki sa a kwalla ba leda ba, ki riƙe a ƙafarki.

Maman Ilham: A ƙafarki. Ki ji wannan da kyau.

Maman Nana: Mu masu zuwa Azare ta Mariri muke fita, namu ciwon kan Wudil ne in tafiya ta faɗo Juma'a, ranar kasuwa. Motocin shanu kaɗai sun isa su tsayar da ku a bakin gada.

Hajiya Mairo: Maman Sadik kina nan? Ga abin da zan ce miki a matsayin uwa. Duba mahaifiya ba abin da za a hana ki ba ne, kuma Hajiyarku ma 'ya'ya mata gare ta a gidan wasu. Amma kada ta ji a bakin facala. Gobe ki sa maigidan ya fara shiga ya faɗa mata, ke kuma ki biyo baya ki durƙusa ki ce Hajiya Inna ce ba lafiya, ina neman izini. Sannan ki ɗauki aikinki tun kafin ranar. Cincin da dubulan na gidan duka ki ce naki ne. Ranar Sallah ki karɓi wankin kayan ciki da babbakar kai da ƙafa, wanda kowa ke gudu. Ragonku kuma a roƙi mahauci ya gama da shi a ranar, ki soya na Inna da daddare, sauran ki bar wa wadda kika fi yarda da ita, ki ce ta ɗebi nata a ciki. Wadda ta ga kin yi wannan ba ta da bakin magana.

Maman Afnan: Kuma ki kira matar Yaya Babba ki faɗa mata da kanki. Wallahi za ta ji daɗi, ta san an ɗauke ta 'yar gida. Wataƙila ma ita za ta karɓar miki suyar.

Maman Ilham: Ko ta ƙarar miki da gas.

Maman Afnan: Maman Ilham!

Maman Ilham: Na daina. Amma ta kulle sito.

Anti Rabi: Ni dai har yanzu ban yarda da soya nama ranar da aka yanka ba. Ruwa ne da shi, ba ya ajiyuwa.

Ummu Hanif: Yana ajiyuwa in an tafasa shi ya tsotse ruwansa kafin a sa a mai. Mu haka muke yi tun da wuta ta daina zama, ba ma jiran firiza.

Anti Rabi: Ɗanɗanon ba ɗaya ba ne.

Ummu Hanif: Ki zo ki ci nawa ranar, sai ki faɗa a zaure.

Zulai 'Yar Zazzau: Ku bar musun nama, wa take da tela mai cika alkawari? Nawa ya karɓi atamfofin yara tun watan jiya, yanzu wayarsa a kashe.

Anti Binta: Yanzu kam ba mai karɓar sabon ɗinki. Ki je shagon ki zauna masa, ki tafi da abin karin kumallonki.

Maman Nana: Mai mahaucin da zai zo Ɗorayi ranar Sallah da hantsi ta biyo ni ta gefe don Allah. Namu ya tafi garinsu. Kuma Hajiya Mairo babban kaskon nan naki, in ba a riga ni ba ina so ranar ta uku.

Hajiya Mairo: Rabi ta riga ki. Ki karɓa a wajenta in ta gama, ki aiko yaro da baro, ba ya shiga adaidaita.