Wanda ya zo na ɗaya bai zama magajin gari ba: yaya ake karanta irin wannan sakamako?

Usman ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman wanda zai warware mini wani abu game da zaɓen majalisun birane a ƙasashen da ake raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu. Abin da ya jawo tambayar shi ne sakamakon zaɓen majalisar birnin Barselona a ƙasar Sifaniya, wanda aka yi ranar 28 ga watan Mayun 2023. Majalisar tana da kujeru 41. Jerin 'yan takarar da Xavier Trias ya jagoranta shi ne ya zo na ɗaya da kujeru 11, jam'iyyar PSC ta samu 10, ɓangaren Ada Colau, wadda take riƙe da birnin a lokacin, ya samu 9, ERC ta samu 5, PP ta samu 4, Vox kuma ta samu 2. Amma da majalisar ta zauna a watan Yuni, Jaume Collboni na PSC, wanda ya zo na biyu, shi ne ya zama magajin gari.

Tambayata kashi biyu ce. Da farko, da wane lissafi ake mayar da ƙuri'u su zama kujeru, tunda jerin Trias ya samu kusan kashi 22 cikin ɗari na ƙuri'u amma kujerunsa sun haura rubu'in majalisar? Na biyu kuma, wanda ya fi damuna, shin ba tauye zaɓin jama'a ba ne a ce wanda ya fi kowa ƙuri'a ya koma gefe, wanda ke biye da shi ya hau kujera?

Malam Habibu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Usman. Zan ɗauki tambayar farko, domin idan lissafin ya fito fili, rabin ruɗanin ya tafi. A Sifaniya ana amfani da hanyar da Victor D'Hondt, wani masanin shari'a ɗan ƙasar Beljiyam, ya tsara a ƙarshen ƙarni na 19. Ana ɗaukar ƙuri'un kowace jam'iyya a raba su da 1, sannan da 2, da 3, haka har a kai adadin kujerun da ake da su, sai a jera duk amsoshin daga babba zuwa ƙarami, a riƙa ba da kujera ɗaya ga kowace amsa har kujerun su ƙare.

Ga misalin da na ƙirƙira don sauƙaƙawa. A ce majalisa tana da kujeru 7, an kaɗa ƙuri'u 10,000, jam'iyya ta farko ta samu 4,200, ta biyu 3,100, ta uku 1,700, ta huɗu 1,000. Amsoshin ta farko su ne 4,200 da 2,100 da 1,400 da 1,050. Na ta biyu su ne 3,100 da 1,550 da 1,033. Na ta uku 1,700 da 850, ta huɗu kuwa babbar amsarta ita ce 1,000. Idan ka tsamo manyan amsoshi bakwai, za ka ga ta farko ta kwashe kujeru 4, ta biyu 2, ta uku 1, ta huɗu kuwa ta tashi hannu wofi duk da cewa mutum ɗaya cikin kowane goma ita ya zaɓa. Ka lura da cewa jam'iyyar da ta samu kashi 42 ta wayi gari da fiye da rabin majalisar, kuma babu wanda ya yi maguɗi.

Yanzu ka bar ƙuri'un yadda suke, ka sauya abin da ake rabawa da shi zuwa 1 da 3 da 5 da 7, wato hanyar da Bafaranshe masanin lissafi André Sainte-Laguë ya gabatar a 1910. Ta farko za ta koma kujeru 3, ta biyu 2, ta uku 1, ta huɗu ma ta samu 1. Masu zaɓe ba su sauya ra'ayi ba, amma rinjayen ya ɓace. Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne a ɗauka cewa duk tsarin da aka kira na raba daidai abu ɗaya yake haifarwa. Hanyar D'Hondt tana ɗan karkata ga manyan jam'iyyu, kuma karkatar tana ƙaruwa idan kujerun kaɗan ne, tana raguwa idan suna da yawa.

Akwai kuma shinge. Dokar Sifaniya ta ce jerin da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba a zaɓen majalisar gari ba ya shiga rabon ko kaɗan. A Barselona jam'iyyar CUP da wasu ƙananan jam'iyyu ba su tsallake ba, don haka jam'iyyu shida ne kawai suka raba kujeru 41 ɗin tsakaninsu, kuma kowacce, in ban da Vox, ta samu kason kujeru da ya zarce kason ƙuri'unta. Daga nan ƙarin da ka gani a wajen Trias ya fito.

Malama Zainab ta amsa:

Malam Habibu ya yi bayanin lissafin yadda ya kamata, ni kuma zan taɓa tambaya ta biyu. Malam Usman, a Sifaniya ba jama'a ne ke zaɓar magajin gari kai tsaye ba, kansiloli suke zaɓa, su kuma kansilolin su zaɓi magajin gari daga cikin waɗanda suka jagoranci jerin 'yan takara. Dokar ta ce wanda ya samu goyon bayan fiye da rabin kansiloli shi ne ya ci, idan kuma babu wanda ya kai haka, sai a miƙa kujerar ga jagoran jerin da ya fi ƙuri'un jama'a. Wato dokar ba ta manta da wanda ya zo na ɗaya ba, ta ba shi fifiko muddin sauran ba su iya haɗa kai ba.

A majalisa mai kujeru 41 ana bukatar 21. Trias ya ƙulla yarjejeniya da ERC, suka tashi da 16, kuma da a ce sauran sun tsaya kowa a nasa ɓangare, da shi ne ya zama magajin gari da waɗannan 16 ɗin, ko ma da nasa 11 kaɗai. Abin da ya faru shi ne kansilolin Colau 9 da na PP 4 sun mara wa Collboni baya, ya tashi da 23. Babu jituwa tsakanin PP da ɓangaren Colau a kusan kowane batu, amma PP ba ta son birnin ya koma hannun jam'iyyar Trias, wadda ke neman ɓallewar yankin Kataloniya, inda Barselona take, daga Sifaniya, su kuma mutanen Colau ba sa son Trias ya rushe manufofinsu.

Shin an tauye zaɓin jama'a? A ganina ba a tauye ba. Kusan mutum huɗu cikin biyar na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba Trias suka zaɓa ba, kuma kansilolin 23 da suka naɗa Collboni suna wakiltar mutane da yawa fiye da waɗanda 16 ɗin ke wakilta. Zuwa na ɗaya da kashi 22 ba daidai yake da samun amincewar gari ba. Ba kuma a ranar aka fara ba, domin a 2019 ERC ce ta fi ƙuri'u a birnin, amma Colau ta ci gaba da mulki bayan ta samu goyon bayan PSC da wasu kansiloli uku daga jerin Manuel Valls, tsohon firaministan Faransa.

Alhaji Garba ya amsa:

Malama Zainab, na fahimci hujjarki, amma ina roƙon ki dubi abin ta ɓangaren mai kaɗa ƙuri'a. Mutumin da ya zaɓi PP bai san ƙuri'arsa za ta ƙare wajen naɗa ɗan PSC ba, an yanke wannan shawarar ne bayan an rufe rumfunan zaɓe, a tattaunawar da ba ya ciki. Ga shi kuma jerin sunayen a rufe yake, shugabannin jam'iyya ne ke tsara wanda zai zo sama da wanda zai zo ƙasa, don haka kansila ya fi jin tsoron uwar jam'iyya fiye da mutanen unguwa.

Barselona ma da sauƙi. Ku dubi birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu bayan zaɓen watan Nuwamban 2021. Majalisar birnin tana da kujeru 270, rabi daga mazaɓu, rabi daga jerin jam'iyyu domin a daidaita rabon, kuma babu shinge irin na Sifaniya. ANC ta samu 91, DA 71, ActionSA 44, EFF 29, sauran kujerun suka watsu a hannun ƙananan jam'iyyu masu yawa. Mpho Phalatse ta DA ta zama magajiyar gari, aka tsige ta a 2022, kotu ta mayar da ita, aka sake tsige ta a farkon 2023. Daga nan aka naɗa Thapelo Amad na jam'iyyar Al Jama-ah, wadda kujeru 3 kacal take da su cikin 270, bayan 'yan watanni ya sauka, Kabelo Gwamanda na wannan jam'iyyar ya gaje shi, shi ma ya sauka a 2024. Manyan jam'iyyun da suka ƙulla ƙawance ba su yarda ɗaya ta ɗare kujerar ba, sai suka ɗora wanda ba zai iya yi musu barazana ba. Birni mai miliyoyin jama'a, mai fama da matsalar ruwa da wutar lantarki, ba zai iya tsara aikin shekara biyar ba idan ana sauya shugabansa kusan kowace shekara. Idan al'amura suka lalace a irin wannan hali, wa talaka zai kama da laifi a zaɓe mai zuwa?

Malam Habibu ya sake amsawa:

Alhaji, abin da ka faɗa game da Johannesburg gaskiya ne, kuma ba ƙaramar illa ba ce. Sai dai ina ganin yawancin laifin yana wuyan ƙa'idojin da ke kewaye da rabon kujerun, ba rabon kansa ba. A Sifaniya, duk wanda ke son tsige magajin gari dole ne ya gabatar da takardar da fiye da rabin kansiloli suka sa wa hannu, kuma takardar ta ambaci sunan wanda zai gaje shi, saboda haka ba a iya rushewa sai an riga an amince da abin da za a gina. Da irin wannan sharaɗi da kuma shinge ko da ƙarami ne, da ƙawancen Johannesburg bai zama abin da ake warwarewa duk bayan 'yan watanni ba. Shingen ma yana da nasa farashi, shi ya sa a Jamus kotun tsarin mulki ta soke shingen kashi 5 na zaɓen majalisun garuruwa a jihar Schleswig-Holstein a 2008, bisa hujjar cewa yana rage darajar ƙuri'un wasu ba tare da wata larura ba, musamman tunda jama'a ne ke zaɓar magadan gari kai tsaye a can.

Ya kamata kuma mu tuna da abin da tsarin wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ya ci yake haifarwa a majalisun birane. A Glasgo ta yankin Sikotland, a zaɓen 2003, jam'iyyar Labour ta kwashe kujeru 71 cikin 79 alhali ba ta samu rabin ƙuri'un birnin ba. Majalisar da 'yan adawarta ba su wuce mutum takwas ba, wa zai binciki kasafin kuɗinta da kwangilolinta da gaske? Da aka sauya tsarin a 2007, Labour ta samu 45 cikin 79, ta riƙe rinjayenta, amma ta sami masu ja da ita a kowane kwamiti.

Tsarin Sikotland ɗin yana kuma amsa kokenka game da jerin da shugabannin jam'iyya ke tsarawa. A can babu jeri. An haɗa mazaɓu sun zama manya, galibinsu na zaɓar kansiloli uku ko huɗu, mai zaɓe kuma yana rubuta 1 a gaban sunan wanda ya fi so, 2 a gaban mai bi masa, haka har inda ya ga dama, ko da 'yan takarar ba jam'iyyarsu ɗaya ba. A mazaɓa mai kujeru huɗu, wanda ya ɗan haura kashi ɗaya cikin biyar na ƙuri'u ya ci, rarar ƙuri'unsa kuma da ƙuri'un wanda ya zo ƙarshe aka cire shi sai su koma ga zaɓi na gaba da masu su suka rubuta. Ta haka mai zaɓe da kansa yake nuna wanda zai iya haƙura da shi idan gwaninsa bai kai ba, kuma ɗan takara mai zaman kansa da unguwa ta sani yana iya ci. Irin wannan tsari ne ake bi a zaɓen ƙananan hukumomin Ireland ta Arewa tun 1973.

Malama Zainab ta ƙara da cewa:

Idan abin da Malam Usman da Alhaji suke so shi ne wanda ya zo na ɗaya ya yi mulki ba tare da ciniki ba, akwai ƙasar da ta rubuta hakan a dokarta. A mafi yawan garuruwan Faransa ana zaɓe zagaye biyu, jerin da ya yi nasara a ba shi rabin kujerun majalisa kai tsaye, sauran rabin kuma a raba tsakanin duk jerin da suka kai kashi 5, har da shi mai nasarar. Jam'iyyun da ke son ƙawance suna iya haɗe jerinsu tsakanin zagaye na farko da na biyu, don haka mai zaɓe yana ganin yarjejeniyar kafin ya kaɗa ƙuri'arsa ta ƙarshe, wanda shi ne ainihin abin da Alhaji ya ce ya rasa a Barselona. Sai dai a lissafa abin da aka bayar a madadin haka. Jerin da ya ci zagaye na biyu da kashi 40 zai tashi da kusan kashi 70 na kujeru, ya riƙe su tsawon shekara shida, mutanen da suka zaɓi wasu kuma, waɗanda su ne mafi yawa a garin, su raba kashi 30 ɗin da ya rage.