Wa Aka Kira Akwala?

Mai GTI Ja: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau sai na amayar da abin da ke cina. Ranar Asabar na shiga filin tsere da Golf GTI ɗina, karo na uku ke nan. Zagaye huɗu kacal na yi, ina isowa kwanar da ke ƙarshen miƙaƙƙen layi na taka birki, sai ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka soso. Allah ne Ya kiyaye, tsakuwar gefe ce ta tare ni. Tun ranar kowa ya zama malamina: "Ka sayi mota daban don fili." Ni kuwa na ce a'a. Motar da na san numfashinta, in sa mata birki mai kyau da tayoyi da shokazoba, ya fi min in je in kwaso wata akwala mai shekara talatin in ajiye tana ɗigar baƙin mai. Mai ja ya fito.

Tsohon Makanike: Wa alaikumus salam, barka da arziki. Kafin ka sayi komai, yaushe rabonka da canza man birki? Abin da ka kwatanta tafasa ce. Man birki yana shan danshi daga iska. Man birki nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma idan ya sha ruwa ƙa'idarsa ta sauko zuwa 155. Ruwan ya zama tururi a cikin bututu, tururi kuwa matsuwa yake yi, shi ya sa fedar ta nutse. Da fad ɗin birki ne ya ƙone, da fedar tana nan da taurinta, motar ce kawai za ta ƙi tsayawa.

Ɗan Mazda: Dakata Baba. Akwala ya ce? Wace ce akwalar?

Mai GTI Ja: Ni ban kama sunan kowa ba.

Ɗan Mazda: Ba sai ka kama ba. Mu nawa ne a nan masu mota mai shekara talatin? MX-5 ɗina ta 1991 ce, ta farkon nan da Mazda ta fara fitarwa a 1989, nauyinta bai kai tan ɗaya ba. Taka ta fi ta da ɗaruruwan kilo, kuma duk wannan kitsen birkinka ne ke mayar da shi zafi a kowace kwana. Ni na sha yin zagaye ashirin ban ji ko ƙauri ba. To tsakanin wadda ta gama zagayenta da wadda ta je ta kwanta a tsakuwa, wace ce akwala?

Hajiya Mai Civic: Akwala ai ba shekaru ba ne, rashin kulawa ne. Akwai motar bara da ta riga ta zama akwala a hannun mai ita.

Ɗan Kallo: A'a Hajiya, akwala ita ce motar da sai an tura take tashi. Haka na taso na ji.

Ɗan Mazda: Sau ɗaya aka taɓa tura tawa, shi ma batir ne.

Ɗan Kallo: Sau biyu. Na biyun da ni aka tura.

Ɗan Mazda: Kai da ko keke ba ka taɓa shiga fili da shi ba.

Alhaji Mai BMW (shugaban zaure): A yi hattara da harshe. Amma gaskiya ɗaya ce, ƙanena Mai GTI, matsalarka ba tsufa ko sabunta ba ce. Motarka da tayoyin gaba take ja. Su ne ke juya sitiyari, su ne ke jan mota, su ne ke ɗaukar mafi yawan birki. Jaki ɗaya, kaya uku. Motar fili ta gaske da baya take turawa, kamar BMW E36 ɗina.

Hajiya Mai Civic: Alhaji, da girmanka. A 2017 Civic Type R ta zagaye filin tsere na Nürburgring a Jamus, kilomita ashirin da ɗoriya, cikin minti 7 da daƙiƙa 43 da 'yan kai. Da gaba take ja. E36 ɗinka nawa za ta yi?

Alhaji Mai BMW: A rukunin masu jan gaba ta kafa wannan tarihin, Hajiya. Zakara a cikin 'yan tsaki. Kuma direban kamfani ne ya tuƙa, ba ke ba.

Hajiya Mai Civic: Ban ji amsar tambayata ba.

Ɗan Mazda: Ba za ki ji ba. Sai ya fara canza lagireto da famfon ruwa, don robobin E36 ba sa son zafi. Kowa ya san wannan.

Alhaji Mai BMW: Kamar yadda kowa ya san tsatsa ke cinye ƙasan MX-5. Leƙa ƙarƙashin ƙofofinka ka ba mu labari.

Baba Mai Tirela: Yara, kun bar jaki kuna dukan taiki. Yaron nan tambaya ya yi mai ma'ana ko da bai san ya yi ba. Ni na bi hanyar da yake son bi. Na sa shokazoba mai tauri, iyali suka ƙi shiga motar saboda jijjiga. Na sa fad ɗin tsere, da sanyin safiya ba ya kamawa sai ya ɗau zafi, ga ƙara kamar ana yanka ƙarfe. Na taɓa ƙwaƙwalwar motar don ƙarin ƙarfi, garanti ya tafi. Da na zo kan kejin ƙarfe, wato bututun da ake haɗawa cikin mota don kare direba in ta kife, sai na tsaya, don keji da hular kwano yake tafiya; a titi ba hula, ƙaramin karo ma kanka ne zai daki bututun. Taura biyu ba ta taunuwa. Sannan babbar maganar: yawancin inshorar titi ba ta biyan abin da ya faru a filin tsere. Karanta takardarka. Da ranar Asabar bango ka samu maimakon tsakuwa, da wace mota za ka je aiki ranar Litinin? Motar fili kuma ba kyauta ba ce, kar a ruɗe ka. Idan ba ta da rajistar titi sai tirela, sai motar jan tirelar, sai wurin ajiya. Shi ya sa nake cewa sau nawa kake shiga a shekara? In sau uku ne, mai da fad da tayoyi sun ishe ka. In kowane wata ne, nemi wadda za ka iya rasawa ba ka yi kuka ba.

Ɗan Mazda: Baba, "wadda za ka iya rasawa" ai akwalar ce ka sake kira da lafazi mai daɗi.

Baba Mai Tirela: Innalillahi.

Ɗan Mazda: Kuma tunda ana maganar rasawa, Alhaji, jak ɗina da ka ara wata biyar ke nan.

Alhaji Mai BMW: Wannan ba wurinsa ba ne.

Ɗan Kallo: Ina ne wurinsa? Na gan shi a but ɗinka.

Mai GTI Ja: Ikon Allah. Ni da na kusa barin duniya, in ban da Baba Makanike ba wanda ya ce min ko sannu. Kuna ta jak.

Hajiya Mai Civic: Sannu. Amma kai ka fara zagin motocin mutane.

Tsohon Makanike: Ɗana, har yanzu ba ka ba ni amsa ba. Man birkin?

Mai GTI Ja: Wanda ta zo da shi ne. Shekara huɗu.

Ɗan Kallo: To bisa ma'anar Hajiya, an gano akwalar.

Alhaji Mai BMW: Ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da zaure ya tsayar: gyaran motar hawa ɓarnar kuɗi ce, kamar yadda Baba Mai Tirela ya tabbatar. Mota mai jan gaba ba ta dace da fili ba, kuma ba a kawo hujjar da ta karya wannan ba. Mafita ita ce tsohuwar mota ƙirar Jamus mai tura baya, mai silinda shida, irin BMW 328i. Mai GTI, ka same ni ta gefe, akwai wata a hannuna mai tsabta. An rufe.

Baba Mai Tirela: Ni ban ce haka ba.

Hajiya Mai Civic: Minti 7 da daƙiƙa 43, Alhaji.

Ɗan Mazda: Ba a rufe ba. Bai janye kalmar ba, kuma ina jiran jak ɗina.