Sensar haske ta tsaya a kan 1023, ta auna nisa kuma sifili take ba ni: ina na kuskure?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum malamai. Na fara koyon Arduino Uno (ƙaramin allon lantarki da ake loda wa shiri) da manhajar mBlock, wadda ake jera tubalan umarni maimakon rubuta su. Ina so ƙwan LED ya kama da kansa idan duhu ya yi. Na sa ƙafa ɗaya ta LDR (sensar haske) a ƙafar 5V ta allon, ɗayar a ƙafar A0, amma ko na rufe ta da yatsa lambar ba ta barin wajen 1023. Sai kuma HC-SR04 (sensar auna nisa), wani lokaci ta ba da nisa, wani lokaci sifili. Kayan ne suka lalace ko haɗin ne?

Mai_Mita:
Wa alaikumus salam. LDR ɗinka lafiyarta lau, rizisto (abin da ke rage gudun wuta) ɗaya ka rasa. Ƙafar A0 ba ta auna turjiya, bolt kawai take aunawa, ta mayar da 0 zuwa 5 lamba daga 0 zuwa 1023, wato kowane mataki wajen milibolt 4.9. Kusan babu wutar da ke shiga ƙafar, don haka ko turjiyar LDR ta hau ko ta sauka, bolt 5 ɗin nan A0 za ta ci gaba da gani.

Ka haɗa haka: 5V zuwa LDR, ɗaya ƙafar LDR zuwa A0, sannan daga wannan mahaɗar ka sa rizisto mai om 10,000 zuwa GND (ƙafar bolt sifili). Yanzu su biyun suna raba bolt 5 a tsakaninsu. A ce cikin haske LDR ta sauko om 1,000, A0 za ta ga wajen bolt 4.5, lamba kusan 930. A duhu ta hau om 100,000, sai ka ga wajen 93. Naka ba lallai su yi daidai da waɗannan ba, shi ya sa kafin ka sa tubalin sharaɗi ka fara kallon lambar: ka ajiye karatun A0 a bariyabul (ma'ajiyar lamba a cikin shiri), ka nuna shi a fuskar manhajar, ka rubuta abin da ya bayar a haske da kuma a duhu. Iyakarka a tsakanin su biyun za ka zaɓa.

Ka lura da allon gwaji ma, wato mai ramukan da ake cusa ƙafafun kayan. Ramuka biyar na kowane layi haɗe suke ta ƙasa, idan ka cusa ƙafafun LDR biyu a layi ɗaya ka tsallake ta ke nan gaba ɗaya. LED kuwa kada ya je ƙafa 13 ko wata ƙafa ba tare da rizisto mai om 220 ba. Da shi zai ja wajen miliampiya 14, ƙasa da 20 da ake so kowace ƙafa ta tsaya a kai.

Yar_Sakit:
Bari in ɗauki ta HC-SR04. Ƙafafunta huɗu: VCC (ta shigar wuta), Trig, Echo, GND. Allon Arduino yana ɗaga Trig (ya sa mata bolt 5) na mikurosakan 10, sensar ta harba sauti mai kilohaz 40, sannan ta riƙe Echo a sama har amon ya dawo. Raba wannan lokacin da 58 shi ke ba da santimita, domin sauti na cin wajen mikurosakan 29 a kowace santimita, kuma zuwa da dawowa yake yi. Tubalin yana yi maka wannan lissafin, amma sanin sa shi zai nuna maka inda sifilin ke fitowa: sifili yana nufin allon ya jira amo bai ji ba.

Abin da ya fi jawo haka shi ne musanya Trig da Echo, a waya ko a cikin tubalin. Idan Trig na kan 9, Echo na kan 10, lambobin da ke tubalin su zama haka daidai. Tunda naka yana bayarwa wani lokaci, na fi zargin gaggawa. Madaukin "har abada" ba tare da jira ba yana harba sabon sauti kafin tsohon ya mutu. Sa jiran sakan 0.1 a ciki. Abin da ake buƙata aƙalla milisakan 60 ne.

Sai abin da kake aunawa. Zane, soso da labule suna shanye sauti, bangon da ya karkace kuma yana tura amon wani gefe. Gwada da kwali mai faɗi a tsaye, nisan santimita 20. Ƙasa da santimita 2 ko sama da mita 4 ba hurumin sensar ba ne. A shirin ma ka sa sharaɗi: idan nisa sifili ne, a watsar da shi. In ba haka ba, "nisa ƙasa da 10" zai ɗauki sifili a matsayin abu ya matso.

Kada ka ɗaura komai a ƙafa 0 da 1, ta nan allon ke magana da kwamfuta. Ranar da ka koma wani allon kamar micro:bit ko ESP32 kuma, ka tuna bolt 3.3 suke aiki da shi, Echo kuwa 5 take fitarwa. Sai an rage ta da rizisto mai om 1,000 da mai 2,000.

Sabon_Hannu:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na sa rizistan, yanzu ina samun wajen 800 a haske, 120 a duhu. Na sa iyaka 400. Amma da magariba ƙwan sai ya riƙa ƙyaftawa, kuma da na cire wayar kwamfuta na sa batir komai ya tsaya.

Baban_Tubali:
Na biyun mai sauƙi ne. A mBlock akwai Live da Upload. A Live kwamfuta ce ke tafiyar da shirin, allon umarni kawai yake karɓa ta waya. Koma Upload, ka fara shirin da tubalin da ke cewa lokacin da Arduino ya tashi, ka loda. Daga nan shirin na cikin allon. Sai dai bariyabul ba zai ƙara fitowa a fuskar manhajar ba, ta siriyal (hanyar aika saƙo daga allon zuwa kwamfuta) za ka riƙa aika lambar, kuma idan za ka koma Live sai ka sake sa wa allon famwayarsa, wato shirin da ke ba shi damar karɓar umarni daga kwamfuta.

Ƙyaftawar kuwa, iyaka ɗaya ce ta jawo. Da magariba karatun na yawo tsakanin 398 da 402, kowane tsallake ƙwan ya canza. Yi iyaka biyu: ya kama idan lamba ta sauka ƙasa da 350, kada ya mutu sai ta haura 450. Tubalan "idan" guda biyu daban, ba "idan, in ba haka ba" ba. A tsakanin 350 da 450 babu wanda zai taɓa ƙwan, sai ya zauna yadda yake.

Kafin nan duba inda ƙwan ke fuskanta. Idan haskensa na faɗawa kan LDR, ya kama, sensar ta ga gari ya waye, ya mutu, ta ga duhu, ya sake kamawa, kuma tazarar 100 ba lallai ta hana wannan ba. Raba su, ko ka zura LDR cikin guntun baƙin bututu mai tsawon santimita 2 ya kalli wani gefe, sannan ka sake auna lambobin haske da duhu, domin bututun zai sauke su duka.