Hilux tana ɗaurewa a 4H bayan canjin aksil na baya

Assalamu alaikum, masu gyaran mota, a taimaka da shawara. Hilux Vigo ce ta 2012, dizal, injin 2KD, giyar hannu. Haƙoran aksil na baya suka karye, aka saka wani na tokunbo, da sabbin kuros (gaɓoɓi) biyu a furofela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi zuwa aksil, aka zuba man giya GL-5 80W-90.

A 2H, wato tayoyin baya kaɗai ke ja, lafiya lau take tafiya, babu kuka babu rawa. Da an sa 4H, wato tayoyi huɗu duk suna ja, ko a kan rairayi ne, sai ta riƙa yin nauyi kamar an ja birki, tayoyin baya na kartar ƙasa, akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya ya yi zafi, sandar sa 4H kuma ta ƙi dawowa 2H sai an yi ribas. Tayoyi huɗun duk 265/70 R16 ne, iska ɗaya, cinyewa ɗaya, don haka ba su ba ne.

Zargina lissafin haƙoran aksil na gaba da na baya bai zo ɗaya ba. Na bayan da aka saka 41 da 10 ne, wato 4.10, tsohon kuwa an riga an sayar wa 'yan gwangwan. Ta yaya zan gane na gaba ba tare da an kwance shi ba? Na ɗaga motar na juya taya ina ƙirga juyin furofelar gaba, amma ADD, wato abin da ke katse aksil na gaba da kansa, yana raba shaf ɗin a 2H, ƙirgan bai fita daidai. Idan kuma ya tabbata sun bambanta, wanne ya fi sauƙin canzawa, kuma tafiyar da aka riga aka yi za ta iya miƙar da sarƙar akwatin?