Wai Chaina ta wuce Amurka a teku?

Baban Walid: Jama'a ni fa na gaji da jin wai Amurka ce sarauniyar teku, wannan labarin da ne. Ma'aikatar tsaron Amurka da bakinta ta ce Chaina na da jiragen ruwan yaƙi sama da 370, nata kuwa ba su kai 300 ba, to in mai abu ya yarda mu me za mu tsaya muna musu a kai.

Malam Habu: Baban Walid ƙidayar kai kake yi kamar mai ƙirga awaki, an haɗa ƙananan jirage da manya an ce maka 370. Amurka na da manyan jiragen dakon jiragen sama guda 11, dukansu da nukiliya suke tafiya, sai su yi sama da shekara 20 ba a sake musu makamashi ba. Chaina 3 gare ta, kuma na farkon, Liaoning, tsohuwar gangar jiki ce da aka sayo daga Yukren a 1998 da sunan wai za a mai da ita gidan caca a Macau, sai a 2012 ya fara aiki.

Anti Zee: Ku dai kuna ta auna girma kamar girman ne ke hana nutsewa. Ina Moskva? Shi ne babban jirgin Rasha a Bahar Aswad, ranar 14 ga Afrilun 2022 ya tafi ƙasan ruwa, Yukren ta ce da makamai masu linzami na Neptune ta buge shi, Rasha ta ce gobara ce, ko ma dai wanne ne jirgi ya tafi. Ƙasar da ba ta da wata rundunar ruwa ta a zo a gani fa, da 'yan kwale-kwale marasa matuƙi ta matsa wa Rasha har ta kwashe jirage da yawa daga tashar Sevastopol zuwa ta Novorossiysk.

Ɗan Iya: Anti kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi wallahi. Dubi Bahar Maliya tun Nuwamban 2023 da 'yan Hutsi na Yemen suka kama jirgin dakon kaya Galaxy Leader, manyan kamfanonin dakon kaya suka koma zagayawa ta ƙasan Afirka duk da jiragen yaƙin Amurka na jibge a wurin, kuma abin dariyar sai a harba makami na wajen dala miliyan 2 don a kaɓo dron ɗin da bai kai kuɗinsa ko kusa ba, wa zai jure wannan asarar in da Chaina ake yi

Malam Habu: To amma jirgin yaƙin Amurka nawa suka nutsar? Ko ɗaya. Kuma duk kun manta da na ƙarƙashin ruwa. A yaƙin Falklands 1982 jirgin ƙarƙashin ruwa guda ɗaya na Birtaniya, Conqueror, ya nutsar da jirgin yaƙin Ajantina General Belgrano, mutum 323 suka mutu, daga ranar manyan jiragen Ajantina suka koma gaɓa ba su sake leƙowa ba. Amurka na da irinsu sama da 60, duka na nukiliya, abin da ba ka gani shi ne abin tsoro.

Anti Zee: Malam a yaƙin nan dai ai makamin Exocet ɗaya ne ya gama da jirgin yaƙin Birtaniya Sheffield, kar ka ɗauki rabin labari ka bar rabi.

Malam Habu: Na yarda ranki ya daɗe, amma wa ya ci yaƙin a ƙarshe?

Baban Walid: Ni abin da ya sa ban sauka daga maganata ba shi ne wa zai iya mayar da abin da ya rasa. Kusan rabin jiragen kasuwancin da ake ƙerawa a duniya yanzu a Chaina ake yin su, na Amurka bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A 1942 a yaƙi da Japan an raunata jirgin dakon jiragen saman Amurka Yorktown, aka gyara shi a Pearl Harbor cikin kwana 3 ya koma fagen daga a Midway, wancan lokacin kenan da suke da maƙera. A 2020 jirgin yaƙinsu Bonhomme Richard ya kama da wuta yana ɗaure a San Diego, ba yaƙi ba komai, kwana 4 yana ci, ƙarshe suka ce gyaran ya yi tsada aka yanka shi. Kuma in a kan Taiwan za a gwabza, ba ta kai kilomita 200 daga gaɓar Chaina ba, ɗaya a ƙofar gidansa yake ɗayan sai ya ratso Pasifik.

Ɗan Iya: Nan kam ka yi magana, sai dai rabon Chaina da babban yaƙi tun 1979 da Biyetnam, shi ma a tudu aka yi. Ƙera jirgi daban, saukar da jirgin sama a kansa da daddare cikin igiyar ruwa ana harbinka daban.

Anti Zee: Ita ma Amurkar tun 1945 ba ta kara da tsararta a teku ba, masu ƙaramin ƙarfi take ta duka. Malam Habu ka ce wani abu mana, ko data ta ƙare?